Motar da Muka Tayar Saboda Mutum Ɗaya

Shekarar da Malam ya rasu, mota ɗaya ce tak a garinmu. Garinmu ƙauye ne a bayan Getso. Tsakaninmu da titi akwai rafi, akwai kuma fadama mai laƙa wadda in damina ta zauna ko jaki sai ya tsaya ya duba kafin ya sa ƙafa. Motar farar a-kori-kura ce, mai ita kuwa ɗan unguwarmu ne. A gabana aka haife shi, ni na dafa wa uwarsa ruwan wankan jego. Ba zan kama sunansa ba. Mai mota muke ce masa, a nan ma haka zan ce.

Malam mijina ne, mun haura shekara arba'in tare. Ran nan da hantsi yana noman gero, maciji ya sare shi a dunduniya. Aka kawo shi gida a kafaɗa. Aka ɗaure, aka tsaga, aka ba shi abin da aka sani. Kafin azahar jini ya fara tsattsafowa ta dasashinsa, duk wanda ya san irin wannan macijin kuwa ya san sai asibitin Gwarzo. Ko zama ba ya iya yi, balle a ɗora shi a babur. Na yafa mayafi na tafi ƙofar gidan mai mota da ƙafata, ban aiki kowa ba.

Na same shi yana wanke motar. Ya gaishe ni, ya tambayi gida, ya tambayi mai jiki, duk da soso a hannunsa. Na faɗa masa abin da ya kawo ni. Ya ce rafi ya cika. Na ce masa da safen nan mata sun haye, ruwan iyakar gwiwa. Sai ya tambaye ni ko jini ya fara fita. Na ce ya fara. Sai ya matse soson ya rataye a madubi.

Ya ce, "Iya, ki yi haƙuri. In ya cika a cikinta wa zai ƙara shiga? Motata ba makara ba ce."

A wajenmu haka mutane suke, suna gudun motar da rai ya fita a cikinta, wasu matan ko kayan miyarsu ba sa yarda a ɗora. Na san da wannan. Amma Malam da ransa a lokacin, yana ganin mutane, yana amsa sannu.

Muka ɗaura wa shanun huɗarsa biyu amalanke, muka shimfiɗa tabarma, muka kwantar da shi. Muka tafi, muka tafi. Muka haye rafi, muka shiga fadama, shanu suna ja, maza suna turawa, ni ina riƙe da kansa a cinyata. Bayan la'asar, muna hango titi, ya cika a gindin wata ɗorawa. Muka rufe shi da zanena, muka juya amalanke. Ba mu yi nisa ba sai ga ƙarar inji a gabanmu. Farar motar ce, ta haye rafin da aka ce ya cika, an labta mata buhunan hatsin wani ɗan kasuwa. Mai mota ya rage gudu, ya leƙo ta taga, ya ce Allah ya jiƙan Malam. Ya wuce. Laƙar tayarsa ta fantsalo a kan zanen.

Na yi takaba wata huɗu da kwana goma a ɗaki. Mata suna shigowa suna ba ni haƙuri, suna cewa kwana ne ya ƙare. Ni ma na san kwana ne ya ƙare, ban taɓa jayayya da wannan ba. Amma ina zaune ina jan carbi, ina jin motar tana fita tana dawowa, duk gero da wake da dawar garin a bayanta suke zuwa kasuwa, domin babu wata. A nan na ɗaura abin da na ɗaura a raina. Ban roƙa masa ciwo ba, ban roƙa masa mutuwa ba. So nake in raba shi da hanyar nan, ya zama buhu ɗaya na garinmu bai ƙara hawa motarsa ba.

Ɗana na fari bakanike ne a wani gareji a Gwarzo, magidanci da 'ya'yansa. Mu irin tarbiyyar da muka samu, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta zama ta yi hira da shi, ba ta kallon tsakiyar idonsa. Tun da na haife shi haka muke. In ya zo gaishe ni yana durƙusawa a bakin ƙofa, in amsa ina kallon bango. In ina da magana, matarsa nake faɗa wa ta kai. To, ita na kira. Na ce ta tambaye shi ko akwai motar da take shiga laƙa ta fita, ta shiga ruwa ta haye, ko da rafi ya kai ƙugu. Ta dawo ta ce ya ce akwai, motar daji ake ce mata, ƙafafunta huɗu duk suna ja, amma ba irin abin da talaka yake saya ba ne. Na ce ta koma ta tambaye shi ko matacciyarta ma ta fi ƙarfin talaka.

Kwana uku bai ba da amsa ba. Ya gane abin da nake nufi, shi ma ya zo gida ran nan, yana cikin masu tura amalanke. Rana ta huɗu ya aiko cewa akwai gawar wata a bayan garejinsu, ta masu haƙa rijiya ce da suka yar. Ba ta da inji, ƙarfen ƙafafunta na baya ya karye, ɓeraye sun cinye kujerun. Na sayar da shanun Malam biyu, waɗanda suka ja shi ran nan, na sayar da awakina, na ƙulle abin a tsumma na ba surukata.

Aka jawo gawar motar zuwa ƙofar gidanmu tun kafin kaka ta wuce, domin na ce a nan za a haɗa ta, a gaban idon gari. Tsatsa ta ci ta har ana hango ƙasa ta inda ake sa ƙafa. Ɗan nawa yana zuwa duk Juma'a bayan masallaci, da duk ranar da aiki ya yi sauƙi. Injin ya samo shi ne daga wata bas da ta faɗi a hanyar Kabo, inji mai shan gas, ba irin nata na asali ba. Ya fi ramin da ake sa inji girma. Ya kawo mai walda suka yanke nan suka ƙara can, suka yi masa mazauni da ƙarfen tsohuwar garma. Da aka saukar da shi da sarƙa daga reshen darbejiya, gaban motar ya durƙusa kamar raƙumi. Sai ya je wajen 'yan gwangwan ya tsinto ganyen sifirin na babbar mota ya ƙara mata, ta miƙe. Tankin ruwan sanyaya inji na wata mota ne, tankin mai na wata, fitila ɗaya zagayayya ɗaya mai kusurwa. Kujerar gaba kafinta ya yi ta da katako, ni na ɗinka mata matashi da auduga. Ƙarfen ƙafafun baya, wanda suke ce wa aksul, ya ciro shi daga wata matacciyar a-kori-kura a Kabo, ya gwada faɗi ya yi daidai, ya ɗaura.

Ni ina zaune a zaure ina sussukar wake ko ina tsinkar zogale, ina kallo ta gefen ido. Ban san sunan komai ba, amma na san ƙarar kowane ƙarfe. Mai mota kuwa kullum sai ya wuce ta nan. Yakan tsaya ya gaishe ni, ya zagaya abin da muke haɗawa, ya ƙwanƙwasa bodin da makullinsa. Ya tambayi ɗana ko kejin kaji yake yi wa Iya. Ya ce in an gama a gaya masa ya kawo jakinsa ya ja. Majalisa ta yi dariya, har aka sa mata suna akwalar tsohuwa. Ina amsa gaisuwarsa cikakkiya, ba na rage ko ɗaya.

Ana nan, ana nan, rani ya raba, injin ya tashi. Hayaƙi ya turnuƙe, kaji suka watse, tumaki suka tsinke igiya. Ta yi tafiya a kan ƙafafun baya har bakin fadama ta dawo lafiya. Sai ɗana ya ja ƙaramar sandar da take sa ƙafafu huɗun su ja tare. Nan take motar ta canza hali. Ta fara gurnani, tana tsalle kamar akuyar da aka ɗaure wa ƙafa, ba ta yi taku hamsin ba wani abu ya ce ƙas a ƙarƙashinta. Farfela ce ta tsinke, wato doguwar sandar da take kai ƙarfin inji ga tayoyi. Ya samo wata, ya sa, ya gwada, ta sake tsinkewa. A karo na biyun mai mota yana tsaye a wajen, ya yi dariya har ya dafa bango.

Ɗana ya ce injin ne ya fi ƙarfinta. Maigidansa na gareji ya zo ya duba ya ce akwatin giya ne. Aka kwance, aka duba, aka mayar, ba a ga komai ba. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas, ba sauran abin sayarwa a hannuna sai 'yan kunnena na aure. Surukata ta zo ta zauna a gefen gadona ta ce ya ce ko a haƙura, a bar ta tana ja da ƙafafun baya kawai. Na ce in haka ne me ya raba ta da farar motar.

Washegari da safe, bayan an yi yayyafi, ɗana ya sa wata farfela ya sake gwada ta a hankali a kan yashin bakin rafi. Da suka tafi na bi sawun ni kaɗai. Tun ina yarinya ni nake ja wa babana shanun huɗa, na san sawu. Na duba na ga sawun tayar gaba ya fito tsaf, kowane zane a wurinsa. Na baya kuwa a goge yake, yana tura yashi yana tara shi. Na tuna shekarar da san babana ɗaya ya mutu, ya aro wani dogo ya haɗa da namu gajere. Dogon yana faɗaɗa taku, gajeren yana sauri ya kamo shi, kunya ta karkace, karkiya ta goge musu wuya har ta tsage. Na tsaya a kan yashin nan na daɗe.

Wannan magana ba ta aike ba ce. In na ba surukata za ta zubar da rabi a hanya. Na koma gida na tarar da shi kwance a ƙarƙashin motar, ƙafafunsa kawai ake gani. Na tsaya a kansa, abin da ban taɓa yi ba.

Na ce, "Kai. Fito ka ji."

Ya fito da sifana a hannu, ya waiga baya yana neman wanda nake yi wa magana.

Na ce, "Da kai nake. Ƙafafun gaba da na baya ba takunsu ɗaya ba. Na baya sun fi sauri, suna tura na gaba. Shanu biyu ka haɗa, dogo da gajere."

Ya sunkuyar da kai, ya ɗauko jak ya ɗaga motar, ya ɗaura tsumma a tayar gaba, ya ɗaura a ta baya. Yana juya farfela da hannu, ni ina lura da tsummokaran. Na baya ya riga na gaba zagayowa. Ya sake, haka. Ya zauna a ƙasa ya dafe kai.

Ya ce, "Inna, haƙoran cikin ne ba iri ɗaya ba. Faɗin kawai na auna."

Na tambaye shi magani. Ya ce sai an samo aksul na irin motar kanta, kuma ya zaga Gwarzo da Kabo tun farko bai samu ba. Guda ɗaya ya sani. Ya nuna da haɓa wajen gabas da gidanmu. Ni ma na sani. Kafin farar motar, mai mota ya taɓa riƙe irin wannan motar dajin, ta mutu tun da daɗewa, tana gindin tsamiyar ƙofar gidansa, kaji suna ƙwai a ciki. Ɗana ya ce ko zai mutu ba zai je ya roƙe shi ba. Na ce wa ya ce a roƙa.

Akwai wani ɗan gwangwan mutumin Kabo da yake zagayo ƙauyuka yana sayen tsofaffin tukwane da guntayen ƙarfe. Na sa aka kira mini shi zaure. Na ba shi 'yan kunnena na aure, na ce ya je ya sayi mataccen ƙarfen gindin tsamiya a matsayin bola, kada ya nuna yana son wani sashe fiye da wani, kada kuma ya dawo da shi ta ƙofarmu. Mutumin ya gane, ya yi murmushi. Mai mota ya sayar da murna, har yana cewa an share masa ƙofar gida. Aka sassare motar aka kwashe zuwa Kabo. Daga can aksul ɗin ya je garejin Gwarzo, aka wanke shi aka shafe da baƙin fenti, ya dawo mana a cikin buhuna. Aka ɗaura. Ɗana ya ja ƙaramar sanda, motar ta shiga yashi ta fita lumui. Na je na duba sawu, gaba da baya duk tsaf.

Damina ta sauka. Tun a ruwan farko mata suka fara kawo kayansu ƙofarmu, domin tamu tana fita ko an kwana ana ruwa, farar kuwa sai rafi ya janye. Ɗana ya bar gareji ya kama tuƙi. Ni kuma duk ranar kasuwar Getso sai in yi wanka in ɗaura zane mai kyau in shiga gaba, ba don ina da abin saye ba. So nake mai mota ya gan ni. Ya daina tsayawa gaisuwa. Daga baya ɗan gwangwan ya kasa riƙe bakinsa, labarin aksul ya zaga gari, majalisar da ta yi mana dariya ta koma yi masa. Duk da haka wasu manyan manoma suna ba shi kayansu don sabo.

Cikin watan da ruwa ya fi ƙarfi, wata ranar kasuwa, muka iso bakin rafi da safe muka tarar ya riga mu. Bai saba shiga ruwa irin wannan ba, amma ya ga in ya tsaya za mu wuce shi a gaban mutane. Ya shiga. A tsakiya farar motar ta nutse har ƙofa, inji ya mutu. Mata biyar a baya a kan buhuna suna salati, ruwa kuma ƙaruwa yake, domin an yi ruwa can inda rafin yake fitowa. Ɗana ya shiga da tamu ya tsaya a gefenta. Aka kwaso matan, aka kwaso buhunan da za a iya, muka haye da su. Muka sauke a tudu.

Mai mota ya biyo mu cikin ruwa har ƙirji, hularsa ta tafi. Bai je wajen ɗana ba, tagata ya zo, domin ya san mai motar. Ya ce akwai sarƙa a bayanmu, ya gani, ja ɗaya zai fitar da ita kafin ruwa ya shiga inji sosai. Ya ce ita kaɗai gare shi. Ya haɗa ni da Allah, ya tuna mini uwarsa. Ɗana ya riga ya buɗe ƙofa zai sauka.

Na ce, "Akwai sauran rai a cikinta?"

Aka ce babu, kowa ya fito.

Na ce, "To mu tafi, kasuwa tana ci."

Ɗana ya tsaya da ƙafa ɗaya a waje. Ya ce, "Inna."

Na ce, "Na ce mu tafi."

Ya mayar da ƙafar ya rufe ƙofa. Muka isa Getso. Na sauka na sayi gishiri da daddawa, na zauna a rumfar wata ƙawata har la'asar. Da muka dawo ruwa ya tura farar motar wuri mai zurfi ya rufe ta, rufinta kawai ake gani. Sai bayan kwana uku aka fitar da ita da shanu shida da mazan gari. Yashi ya cika injin. An kai ta Gwarzo, an kai ta Kano, ba ta ƙara tashi ba. Daga wannan damina duk hatsin garinmu a motarmu yake fita. Mai mota ya koma noma gonar ubansa, in zai je kasuwa da ƙafa yake zuwa titi, bai taɓa shiga tamu ba.

Liman ya zo har zaure ya yi mini nasiha mai tsawo. Na saurara, na yi masa godiya, na ce na ji. Ya tambaye ni ko na yi nadama. Na ce in na ce na yi, na ƙara ƙarya a kan laifi. Ya ce to in dinga roƙon Allah ya sanyaya mini zuciya, na ce ina yi, kuma gaskiya ina yi.

Kasuwar da ta biyo baya na yi wanka na ɗaura zane kamar kullum. Ina saka takalmi surukata ta shigo ta durƙusa. Ta ce ya ce a gaya mini in zauna in huta, duk abin da nake so daga kasuwa zai sayo. Ta ce ya ce ba yau kawai ba. Na kalle ta, tana kallon ƙasa. Na cire takalmin na ce ta gaya masa gishiri ya isa, ya sayo mini goro.

Ban ƙara shiga motar ba. Yana zuwa gaishe ni kowace safiya, ya durƙusa a bakin ƙofa, in amsa, ya tashi ya tafi. Ranar kasuwa ina daga ɗaki nake jin ya tayar da inji, ina jin mata suna rigimar wurin zama, ina jin ta gangara wajen rafi. Nakan kasa kunne ko wani injin zai biyo baya. Babu mai biyowa. Sai in tashi in ɗora kunu.